Soke kwamitocin ba da shawara a jahohin Amurka: yadda ake yi da abin da ke biyo baya

A ranar 17 ga watan Mayun 2024, gwamnar jahar Ayowa ta ƙasar Amurka, Kim Reynolds, ta sanya hannu a kan wata doka da ta rage yawan kwamitoci da ƙananan hukumomin jahar. Kafin dokar akwai irinsu 256. Ofishin gwamnar ya ce 83 daga ciki sun kau: wasu an soke su ɗungurungum, wasu an haɗe su da ƴan uwansu. Ayowa ba ita ta fara ba. Kusan shekaru 50 ke nan jahohin Amurka na neman hanyar rage waɗannan kwamitoci, kuma a kowane karo magabata kan fara da zancen tsimin kuɗi, amma gardamar takan ƙare ne a kan wani abu dabam, wato hannun wa iko zai koma idan kwamitin ya tafi.

Wace irin jaha, waɗanne irin kwamitoci

Jaha a Amurka ba daidai take da jahar Maraɗi ko ta Tawa ba, inda hukumomin ƙoli ke naɗa gwamna. Ta fi kusa da tsarin Najeriya, har ma ta zarce shi. Kowace ɗaya daga cikin jahohi 50 tana da kundin tsarin mulkinta, da majalisar dokokinta, da kotunanta, da gwamnan da jama'a suka zaɓa. Jaha ce ke bai wa likita, da mai sayar da magani, da mai gyaran wutar lantarki, har da mai aski, lasisin yin sana'a.

A gefen ma'aikatun gwamnatin jaha akwai tarin kwamitoci da hukumomi, kuma ba duka ke da nauyi ɗaya ba. Akwai na ba da shawara zalla: su zauna, su saurari jama'a, su rubuta rahoto ga gwamna ko ga wata ma'aikata, wadda ke da ƴancin ɗauka ko watsarwa. Akwai na lasisin sana'o'i, masu ikon shirya jarrabawa da karɓar ƙorafi da dakatar da wanda ya yi ba daidai ba. Akwai kuma masu tsara ƙa'idoji a kan muhalli, ilimi, kiwon lafiya ko farashin wuta, waɗanda maganarsu ke da ƙarfin doka. Jama'a kan haɗa su duka a suna ɗaya, ƴan siyasa ma haka, kuma wannan haɗawar ce ke rikitar da muhawara. Idan aka ce an soke kwamitoci 80, ana iya nufin wanda bai yi zama ba shekara goma, ana iya nufin wanda ke hukunta likitoci.

Yawancin mambobin ba ma'aikatan gwamnati ba ne. Manoma ne, malaman makaranta, ungozomomi, ƴan kasuwa, iyayen yara masu naƙasa. Gwamna ke naɗa mafi yawansu, a wasu lokutan sai majalisar dattawan jaha ta amince. Galibi ba su da albashi sai kuɗin zama da na mota. A Ayowa an daɗe ana biyan dala 50 ga ranar zama.

Yadda suke yawaita abu ne sananne. Wata annoba ta ɓulla, ko gada ta karye, ko wani rukunin jama'a ya yi kukan an manta da shi, sai majalisa ta kafa kwamiti, domin hakan ya fi ware kuɗi sauƙi kuma yana nuna an yi wani abu. Shekaru su shuɗe, matsalar ta wuce ko ta sauya kama, kwamitin na nan a cikin littafin doka. Kujeru su zama wayam, a kira zama ba a samu adadin da ake buƙata ba, a ɗage.

Me ya sa sai da doka

Abin da ya haifi kwamiti shi ke iya kashe shi. Wanda gwamna ya kafa da umarninsa, gwamna na iya rushe shi da sa hannu ɗaya. Wanda majalisa ta kafa da ayar doka, sai majalisa ta sake zama ta goge wannan ayar, ko da kuwa kwamitin ya daina aiki tuntuni. Wanda aka rubuta a kundin tsarin mulkin jaha ya fi kowa wuyar taɓawa, domin a duk jahohin, in ban da Delaware, gyaran kundi sai ya bi ta ƙuri'ar jama'a. A Ayowa ma sai majalisu biyu a jere, da zaɓe a tsakaninsu, sun amince kafin a kai maganar gaban masu ƙuri'a.

Dokar sokewa takan yi tsawo sosai, saboda goge suna kawai bai isa ba. Dole ta fayyace ranar da wa'adin mambobi zai ƙare, da ma'aikatar da za ta gaji ayyukan, da inda takardu da sauran kuɗin asusu za su koma, da makomar ƙararrakin da ba a gama ba, da ko ƙa'idojin da kwamitin ya kafa za su ci gaba da aiki. Sannan a bi sauran dokoki ɗaya bayan ɗaya a cire duk inda aka ambaci sunansa. A cikin waɗannan ƙananan ayoyi ne ake gane ainihin manufar doka, kuma su ne ƴan jarida ba su cika karantawa ba.

Akwai kuma kwamitocin da jaha ba ta isa ta taɓa ba sai ta yi asara. Gwamnatin tarayya na ɗaura wasu tallafinta da sharaɗin a samu kwamiti na musamman a jaha: na horar da masu neman aiki, na masu naƙasa, na shari'ar ƙananan yara. A soke kwamitin, kuɗin Washington ya tsaya.

Dokar faɗuwar rana

A 1976 jahar Kolorado ta fito da wata dabara da ta juya lissafin. Maimakon a jira majalisa ta kashe hukuma, sai a yanka mata wa'adi tun farko. Idan ranar ta zo majalisa ba ta sabunta ta ba, ta mutu da kanta. Amurkawa suka laƙaba wa wannan tsari sunan faɗuwar rana. Ƙungiyar farar hula ta Common Cause ce ta yi ta fafutukarsa, kuma kafin tsakiyar shekarun 1980 jahohi sama da 30 sun kwaikwaya. Da yawa daga baya sun yi watsi da shi ko sun bar shi ya yi barci, saboda binciken kowace hukuma na cin lokaci da ma'aikata, kuma a ƙarshe mafi yawan hukumomin sabunta su ake yi.

Teksas ce ta riƙe shi da gaske. Dokarta ta 1977 ta kafa wata hukuma mai mambobi 12 a yau: sanatoci biyar, ƴan majalisar wakilai biyar, da mutum biyu daga cikin jama'a. Hukumomi kimanin 130 ke bi ta gabanta, galibi sau ɗaya a shekaru 12. Ma'aikatanta su binciki hukuma, su wallafa rahoto, a yi zaman sauraron jama'a, sannan a kai wa majalisa ƙudurin sabuntawa ko na sokewa. Ta wannan hanya ce hukumar kula da gina gidajen zama, wadda aka kafa a 2003, ta rasa ranta a 2009, bayan binciken ya nuna ba ta biya wa masu sayen gidaje buƙata. Ga ƙananan kwamitocin shawara na ma'aikatu kuwa, dokar Teksas ta fi tsauri: shekaru huɗu ne wa'adinsu, sai dai idan ma'aikatar ta sa wata ranar.

Tsarin na da nasa haɗari. Tunda ƙudurin sabuntawa dole ne ya wuce, yana iya zama abin garkuwa a hannun ƴan siyasa. A 2017 zaman majalisar Teksas ya ƙare ba a sabunta hukumar ba wa likitoci lasisi ba, saboda takun saƙa tsakanin majalisun biyu a kan wasu ƙudurori da ba su da alaƙa da aikin likita. Sai da gwamna Greg Abbott ya kira zama na musamman a watan Yuli aka ceto ta.

Kalifoniya: babban shiri, ƙaramin sakamako

Arnold Schwarzenegger ya hau kujerar gwamnan Kalifoniya a ƙarshen 2003 da alwashin rugurguza tsohon tsarin gwamnati. A 2004 wani babban bincike da ya sa aka yi ya ba da shawarar soke kwamitoci da hukumomi sama da 100. A watan Janairun 2005 ya gabatar da shirin soke 88, cikinsu har da na lasisin ma'aikatan jinya da sauran sana'o'in lafiya, a mayar da ayyukansu ƙarƙashin ma'aikatun da shi ke naɗa shugabanninsu. Ƙungiyoyin ƙwadago da na kare masu saye suka yi ca a zaman sauraron da hukumar Little Hoover ta shirya. Babban ƙorafinsu shi ne za a ɗauke hukunci daga zauren da kowa ke iya shiga a kai shi ofis mai rufaffiyar ƙofa. Kafin watan Fabrairu ya ƙare gwamnan ya janye shirin.

Abin da ya samu daga baya ɗaya-ɗaya ne. Hukumar kula da shara, wadda mambobinta ke karɓar sama da dala 130,000 a shekara, kuma ta yi ƙaurin suna a matsayin wurin ajiye tsofaffin ƴan majalisa, an soke ta da doka a 2009, wani sabon sashe na gwamnati ya gaje ta a farkon 2010. Wannan ta faɗi ne domin kowa na iya ganin albashin da kuma waɗanda ke cinsa. Jerin 88 kuwa ya tara wa gwamnan abokan gaba 88 a rana ɗaya.

Yadda Ayowa ta yi

Ayowa jaha ce ta manoman masara da waken soya da masu kiwon alade, mai mutane kimanin miliyan 3.2, babban birninta Des Moines. Jam'iyyar Rifablikan ke riƙe da kujerar gwamna da majalisun biyu, abin da Schwarzenegger bai taɓa samu ba.

An fara ne da manya. A watan Afrilun 2023 wata doka mai shafuka sama da 1,000 ta rage manyan ma'aikatun jahar daga 37 zuwa 16. A cikinta aka kafa wani kwamiti na wucin gadi da zai duba sauran kwamitoci, ƙarƙashin Kraig Paulsen, darektan ma'aikatar tsara kuɗin jahar. Ba a rasa masu zolayar cewa sai da aka ƙara kwamiti ɗaya kafin a rage sauran ba. A ƙarshen watan Satumba ya miƙa rahotonsa: a soke ko a haɗe 111 daga cikin 256.

Tsakanin jerin farko da na ƙarshe an yi gyara. Misalin da ya fi fitowa shi ne hukumar ayyukan sa kai ta jahar. An sa ta a jerin sokewa, sai masu aikin suka tunatar cewa dokar tarayya ta ɗaura tallafin shirin AmeriCorps da wanzuwar irin wannan hukuma, kuma miliyoyin daloli ne za su salwanta. Aka cire ta daga jerin. Majalisa ma da ta karɓi maganar a 2024 ta sake tace jerin, domin kowace sana'a ta aiko da wakilanta su roƙi a bar tata. Shi ya sa 111 ya koma 83.

Da yawa daga cikin waɗanda aka soke babu wanda ya yi kukansu. Inda aka yi zafi wuri biyu ne. Na farko, hukumomin da ke wakiltar baƙaƙen fata, da ƴan asalin Latin Amurka, da ƴan asalin Asiya, da jajayen Indiyawa ƴan asalin ƙasar, da mata, da masu naƙasa, an narkar da su cikin hukuma ɗaya ta haƙƙin ɗan Adam. Gwamnati ta ce murya ɗaya mai ƙarfi ta fi shida masu rauni. Ƴan adawa na Dimokurat da ƙungiyoyin waɗannan al'ummomi suka ce mutum ɗaya a kujera ɗaya ba zai ɗauki nauyin da hukuma sukutum ke ɗauka ba, kuma matsalar mai keken guragu ba ita ce ta baƙon da bai iya Ingilishi ba. Na biyu, hukumar kare haƙƙin jama'a, wadda ke duba ƙorafin nuna bambanci a wurin aiki da gidajen haya, ba a soke ta ba, amma an mayar da yawancin ikonta ga wani sabon ofis mai darekta da gwamna ke naɗawa, ita kuma ta koma kusan mai ba da shawara. Irin wannan sauyi ba ya shiga lissafin 83, alhali ya fi yawancinsu nauyi.

A shekarar dai, da wata doka dabam da aka sa wa hannu a watan Afrilu, Ayowa ta soke ƙa'idar daidaita yawan maza da mata a kwamitocinta, wadda ta kafa tun 1987 kafin kowace jaha. A watan Janairu wata alƙaliyar tarayya ta riga ta yanke cewa irin wannan sharaɗi a hukumar tantance alƙalan jahar ya saɓa wa kundin tsarin mulkin ƙasa.

Dokar ta Mayu ta kuma wajabta a riƙa ba da damar halartar zama ta intanet, ta tanadi a sake duba kowane kwamiti da ya rage sau ɗaya a shekaru huɗu.

Kuɗi ko iko

Kwamitin da mambobinsa ke karɓar dala 50 sau huɗu a shekara ba shi ke cinye kasafin jaha ba. Abin da ake tsimi na gaske shi ne lokacin ma'aikatan da ke shirya zama da rubuta rahotanni, da wahalar ofishin gwamna ta neman mutanen da za su cika dubban kujeru. Masu goyon bayan sokewa da suka san aikin ba su cika jingina da kuɗi ba. Hujjarsu ita ce mambobin kwamiti ba zaɓaɓɓu ba ne, idan sun yi kuskure babu akwatin zaɓen da zai hukunta su, gwamna kuwa ana iya kayar da shi.

Suna da wata hujja mai ƙarfi a kan kwamitocin lasisi, inda ƴan sana'a ke sa ido a kan ƴan uwansu kuma su tsare ƙofa ga masu son shigowa. A 2015 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a kan hukumar likitocin haƙori ta Karolina ta Arewa, wadda ta aika wa masu sana'ar faranta haƙori da ba likitoci ba takardun su daina. Kotun ta ce hukumar da ƴan kasuwar kansu suka mamaye ba za ta fake da rigar gwamnati daga dokar hana babakere ba, sai idan jaha na sa mata ido da gaske. Tun daga nan jahohi da dama suka ƙara jan linzamin irin waɗannan hukumomi.

Sai dai akwai abin da ke ɓacewa wanda ba ya fitowa a takardar kasafi. Dokokin jahohin Amurka sun wajabta wa kwamiti ya sanar da ranar zamansa, ya buɗe ƙofa, ya ajiye bayanin abin da aka tattauna. Manomin da ruwan rijiyarsa ya gurɓace yana iya zuwa ya yi maganar minti biyu a gaban mambobi da ƴan jarida. Darektan ma'aikata ba shi da wannan wajibi idan zai yanke shawara a teburinsa. Kuma mambobin kwamiti kan yi wa'adi a jere, ba sa sauka tare, ta yadda sabon gwamna ba ya iya sauya su duka a shekararsa ta farko. Wannan jinkiri shi ne abin da gwamnoni ke ƙi, shi ne kuma amfanin abin.

Masu karatu a yankin nan ba baƙin wannan gardama ba ne. A Faransa tun 1963 Janar de Gaulle ya yi wa irin waɗannan kwamitoci shaguɓe da sunan kwamitin Théodule, kuma tun 2006 wata ƙa'ida ta yanka wa yawancinsu wa'adin shekaru biyar. A Senegal shugaba Bassirou Diomaye Faye ya nemi soke majalisar ba da shawara kan tattalin arziki da ta ƙananan hukumomi, majalisar dokoki ta ƙi a watan Satumban 2024, sai bayan ya rusa ta an yi sabon zaɓe aka soke su a Disamba, domin a kundin tsarin mulki suke. A Najeriya rahoton Oronsaye na 2012 ya ce a rage hukumomin da doka ta kafa daga 263 zuwa 161. Sai a Fabrairun 2024 gwamnatin Bola Tinubu ta ba da umarnin aiwatarwa, kuma can ma tarnaƙin ɗaya ne: abin da doka ta kafa sai majalisa.

Wadda aka soke aka dawo nema

A Kolorado, mahaifar dokar faɗuwar rana, an bar hukumar lasisin masu shirya gawa da jana'iza ta mutu a 1983. A Amurka wannan aiki sana'a ce ta kamfanoni: su karɓi gawa, su adana ta, su binne ko su ƙone ta su miƙa wa dangi tokar. A lokacin an ga hukumar ba ta tsinana komai. Shekaru 40 Kolorado ta kasance jaha ɗaya tilo da mutum ke iya shiga wannan sana'a ba tare da lasisi ko wani karatu ba.

A watan Oktoban 2023 mazauna ƙauyen Penrose suka kai ƙarar wani wari da ke fitowa daga ginin wani kamfanin jana'iza. Jami'an tsaro suka iske gawawwaki kusan 190 a jibge suna ruɓewa, wasu sun yi shekaru. Iyalai da yawa suka gano cewa abin da aka ba su a matsayin tokar mamatansu garin siminti ne. Ƴan shekaru kafin nan an kama wani kamfanin a garin Montrose yana sayar da sassan jikin mamata ba da sanin danginsu ba. Ba za a ce rashin hukumar kaɗai ya jawo wannan ba, domin jahohi masu lasisi ma sun ga nasu abin kunyar. Amma ƴan majalisar Kolorado na jam'iyyun biyu ba su tsaya wannan musu ba. A 2024 suka zartar da dokar binciken gidajen jana'iza a kai a kai, da wata ta maido da lasisi, gwamna Jared Polis ya sa hannu a watan Mayu, watan da Ayowa ke soke nata 83. An sa farkon 2027 a matsayin ranar da duk mai wannan sana'a a jahar zai kasance da lasisi a hannu.